Babaji da Rana, Usaini da Dare

Shekara goma sha ɗaya ina tuƙa Hajiya Zulaihat, kuma masu gadin da na ga sun shigo gidanta na GRA sun fita ba zan iya lissafa su ba. Akwai wanda ya zo da carbi a hannu ya tafi da batirin janareta. Akwai wanda tsoron kare ya kora, alhali karen na maƙwabta ne kuma haƙoransa biyu suka rage. Amma Babaji shi kaɗai na sani da ya ɗauki aikin mutum biyu da jiki ɗaya, kuma ni Mustapha direba ina cikin waɗanda suka taya shi wannan wauta. Gara in faɗa tun da wuri, kada a ce na wanke kaina.

Babaji mutumin wani ƙauye ne a yamma da Katsina. Manomi ne tun tasowarsa, gero da wake, sai da 'yan bindiga suka hana kowa zuwa gona sannan ya kwaso matarsa Furera da 'ya'ya shida suka kama ɗaki ɗaya a Ƙofar Guga. Dogo ne siriri, mai dogon wuya, ga sanyin hali har yana ba mutum haushi. Ko taka shi ka yi shi zai riga ka ba da haƙuri. Ya gwada dako a kasuwa bayansa ya ƙi, ya gwada tura kurar ruwa ta rinjaye shi ta shiga kwata da shi. Sunansa na yanka Hassan, don tagwaye aka haife su, kuma da yake kakansa ma Hassan ne sai aka sakaya shi da Babaji. Ɗan'uwan nasa Usaini ƙyanda ta ɗauke shi suna wata bakwai a duniya.

Ita kuwa Hajiya tsohuwar ma'aikaciyar jinya ce, ta yi shekara talatin da wani abu a asibiti kafin ta yi ritaya, kuma har yau gidanta tamkar ɗakin marasa lafiya take tafiyar da shi. Dokarta a kan gadi ɗaya ce, ba ta canzawa: mutum biyu, ɗaya da rana ɗaya da dare, a yi canji da magariba a sake yi bayan sallar asuba. Takan ce ta ɗinke kawunan direbobi da masu gadi da masu injin niƙa da yawa, kuma rabinsu ba ƙwaya suka sha ba, barci ne kawai ba su yi ba. Abu biyu ne ba ta yafewa, gyangyaɗi a bakin aiki da ƙarya. Matsalar dai ita ce yanar ido ta fara rufe mata gani, ta kuma ƙi yarda a yi mata aiki. Matar da ta riƙe ɗaruruwan mutane ana yanka su, ita allura ma sai an yi da gaske.

Ranar da Babaji ya zo neman aiki ni na shigar da shi, kuma a hanya bakina ya kufce na gaya masa cewa gurbi biyu ne babu kowa, na rana da na dare. Hajiya tana zaune a baranda. Ta karɓi katin shaidarsa ta kai shi har kusa da hancinta.

"Hassan," ta karanta. "To ina Usainin naka?"

Tambaya ce da ake yi wa kowane Hassan a garin nan, kuma amsarta ba wuya. Ka ce ya rasu, a ce Allah ya jiƙansa, a wuce wurin. Babaji ya dubi ƙasa, ya dube ni, ya sake duban ƙasa.

"Shina nan, ranki shi daɗe."

"Yana da aikin yi?"

"Ba ya da, Hajiya. Zaman banza yake."

"To madalla. Kai rana, shi dare. Ya zo yau da magariba."

Muna fitowa na ja shi bayan mota na tambaye shi ko kansa ɗaya. Na san labarinsa, don a masallaci muka haɗu kuma shi da bakinsa ya ba ni. Na ce ranar da Hajiya ta gano ba Usaini kaɗai za ta kora ba, har da shi, ya koma Ƙofar Guga hannu wofi.

"Malam Mustapha," ya ce, "ɗiya shidda gare ni. Albashi guda ba ya kai mu rabin wata. Barci kuwa mi ne ne? Ba dai ka ruhe ido ka buɗe ba? Ni na yahe shi."

Haka ya faɗa, kamar wanda yake yafe rabonsa na tuwo.

Da magariba na laɓe na ga yadda za a yi. Babaji ya zaga bayan ɗakin gadi ya cire farar rigarsa da hularsa, ya zura wata tsohuwar kwat da ya samo a gwanjo, ya kifa hular sanyi har gira, ya naɗe bakinsa da mayafi. To amma Hajiya a barandar take shan iska a daidai lokacin, kuma in idonta ya yi rauni kunnenta ras yake. Ba yadda za a yi 'yan'uwa biyu su haɗu su yi canjin aiki ba a ji gaisuwarsu ba. Don haka Babaji ya gyara murya ya fara.

"Usaini, an wuni lahiya?"

Sai ya matsa gefe taku ɗaya, ya kumbura maƙogwaro. "Lahiya lau, yaya Babaji. Ya aiki?"

"Aiki da godiya. Ya ka baro mutanen gida?"

"Suna lahiya, suna gaishe ka."

"Ya Hurera da yara?"

"Lahiya lau. Ƙaramin dai shina ɗan tari."

"Allah shi sawwaƙe."

"Amin, yaya. Ya gajiya?"

Sai da suka yi kusan minti biyar. Ni ina bayan mota na cusa hula a baki kada dariya ta tona mu. Hajiya kuwa daɗi ya kama ta. Bayan 'yan kwanaki ina jin ta a waya tana yi wa 'ya'yanta na Abuja faɗa, wai su zo su ga yadda talakawa ke riƙe zumunci, kullum sau biyu suna tambayar lafiyar juna kamar sun shekara ba su haɗu ba.

Cikin sati biyu Usaini ya zama mutum sosai a gidan. Shiru-shiru ne, murya a ƙasa, ba ya son sukari a shayi, abin da Babaji kuwa sai ya zuba cokali huɗu. Mai girkin gidan, Halimatus Sa'adiyya, wadda ba ta amsa kira sai an faɗi sunanta duka, ta fara ware wa Usaini tsoka tana ba Babaji ƙashi. Ta ce min Usaini mutum ne mai kamun kai, shi kuwa wan nasa idonsa na cikin tukunya. Hajiya ma ta fi son Usaini. Don ta kyautata musu sai ta ba kowannensu hutun wuni guda a sati, da sharaɗin in ɗaya ya tafi hutu ɗayan ya riƙe masa. Babaji ya durƙusa ya yi godiya da safe, Usaini ya durƙusa ya yi tasa da magariba.

Gida kuwa sai in Hajiya ta fita unguwa mai nisa yake samun leƙawa na awa ɗaya. Furera kan kawo masa abinci wani lokaci, ta tsaya a bakin get tana kallonsa. Ta taɓa ce min, "Malam, da miji guda gare ni. Yanzu an ce min sun zama biyu, kuma ko ɗaya ba ni gani."

Ba wai ko kaɗan ba ya barci ba. Yana sata, minti biyar a bayi, minti uku a jingine da get, wani lokaci a tsaye da tsintsiya a hannu. Sauran lokacin yaƙi yake da idonsa. Goro har haƙoransa suka rine. Shayi baƙi ƙirin mai kaurin da cokali zai iya tsayawa a ciki. Man zafi a ƙarƙashin ido, sai ka gan shi yana hawaye yana murmushi. Da waɗannan suka daina ci sai ya koma saka tsakuwa a takalmi, kuma in zai zauna ya kifa bokiti mai tsagaggen gindi don ya riƙa mintsininsa.

Jiki dai ya fara ba da amsa. Wata safiya ya wangale get duka biyu, ya ƙame ya sara wa wata akuya har ta shigo ta cinye furannin Hajiya. Wata rana na dawo da Hajiya daga kasuwa ya leƙo ta taga ya tambaye ta wa take nema. Ya shayar da bishiyar lemo da fetur, Allah ya taimake mu na kama hannunsa kafin ya ɗura wa janareta ruwa. Ya ajiye butar shayi mai tafasa a kan ƙafarsa, bai sani ba sai da na nuna masa. Na tambaye shi sunayen 'ya'yansa don in gwada shi, ya kawo huɗu ya tsaya yana kallon yatsunsa. Mutumin da ba ya iya tsawata wa kaza, sai ga shi yana zagin kwaɗon get yana dukansa da takalmi.

Kowane ƙarshen wata Hajiya kan fito da na'urarta ta auna jinin duk ma'aikatan gidan. Ta auna Babaji da safe ta ɓata rai. Ta auna Usaini da magariba, ta kai na'urar kusa da hancinta ta daɗe tana dubawa.

"Ikon Allah," ta ce. "Tagwaye har hawan jininku iri ɗaya. Kai Usaini, kana barci da rana kuwa?"

"Ina yi, Hajiya."

"Ka ƙara. Ka ce wa yayanka shi ma ya riƙa kwanciya da wuri. Rashin barci shi ke kawo wannan, daga nan sai shanyewar ɓarin jiki."

Ta ba kowannensu ƙullin maganinsa. Babaji ya same ni da ƙulli biyu a tafin hannu yana tambaya na wa zai fara sha. Da ƙyar na shawo kansa ya yarda cewa na mutum ɗaya ya ishe su.

A wata na huɗu ne dariyar ta fara fita daga raina. Ina wanke mota ya zo ya tsaya a kaina, idanunsa jajir sun faɗa ciki.

"Usaini ya ce in gaishe ka."

Na yi dariya na ce ina amsawa. Shi bai yi ba.

"Jiya mun daɗe muna hira," ya ce. "Can ya zauna bisa bokiti. Ashe ya hi ni tsawo kaɗan. Ya ce ya tuna Inna."

Na lura ashe ya kwana biyu yana raba abincinsa gida biyu, ya ci rabi ya rufe rabi. Gaisuwar magariba kuma ta daina zama don kunnen Hajiya, ko ba ta gida sai sun yi ta, har da saɓani da ban haƙuri. Na ce masa Babaji wannan abu ya isa, mu je mu gaya wa Hajiya gaskiya, ko ka ce Usaini ya koma ƙauye. Ya kama hannuna biyu ya haɗa ni da Allah da 'ya'yansa shida. Na bar maganar. Kuma in zan faɗi gaskiya ba tausayi kaɗai ya rufe min baki ba. Labarin yana min daɗi. Kullum da yamma ina da sabon abin da zan ba 'yan majalisarmu su yi ta dariya har da riƙe ciki. Ina jin kunyar wannan har yau.

Ana haka Hajiya ta fito da hantsi ta iske shi a jingine da get yana minshari a tsaye. Ta tashe shi da sandarta ta wanke shi tas. Ta ce ya yi koyi da ƙaninsa, wanda wata huɗu ba ta taɓa jin ko hammarsa ba. Ta ce in ta sake kama shi ya tattara ya tafi, Usaini ya nemo wani abokin aiki. Daga ranar Babaji ya shiga neman wurin da zai runtsa ido wanda Hajiya ba za ta taɓa dubawa ba. Ya samu, amma bai gaya min ba.

Ranar wata Alhamis ce bayan azahar, ana tsakiyar zafin bazara. Hajiya za ta je ta'aziyya Ƙofar Ƙaura. Na ƙwala wa Babaji kira ya buɗe get, shiru. Na leƙa ɗakin gadi, na leƙa bayi, ba shi. Na yi tsaki na buɗe da kaina ina mita. Hajiya ta shiga baya, na tayar da jif ɗin, na bar shi ya ɗan yi zafi kamar kullum. Ashe Babaji na kwance a ƙarƙashinta, injin yana ruri a saman kansa kusan minti biyu, bawan Allah nan bai farka ba. Na saka ribas. Tayar baya ta hau wani abu ta sauka, kuma na san babu dutse a wurin don ni na share shi da safe. Sai na ji muryarsa daga ƙarƙashin motar, ba ihu ba, salati yake a hankali.

Ban san yadda na kai mu asibiti ba. Hajiya ce ta ɗaure ƙafar da mayafinta a kujerar baya. Likitoci suka ce idon sawun hagu ya dagargaje, za a ceci ƙafar amma shi da tafiya ba sanda sai dai a lahira. Da a ce ya juya kansa ta wancan ɓangaren, da yanzu wani labarin nake bayarwa.

Bayan an fito da shi daga ɗakin tiyata ya kama barci. Ya kwana ya wuni ya sake kwana. Furera ta yi ta kuka tana cewa ya tafi, likita ya zo ya duba ya ce ba suma ba ce ba komai ba, barci ne, a ƙyale shi. Hajiya kuwa duk fushinta ya koma kan Usaini. Ɗan'uwansa na kwance, bai zo dubiya ba, bai zo aiki ba, gida ya kwana biyu ba mai gadi. Sau biyu tana aikena Ƙofar Guga in taho da shi, ina zuwa in zaga unguwa in dawo in ce ban same shi ba. Halimatus Sa'adiyya ta ce ita dai ba ta yarda ba, Usainin da ta sani ba zai yi haka ba, a bincika ko wani abu ya same shi.

Da Babaji ya farka ni kaɗai ne a wurin. Bai tambayi ƙafarsa ba.

"Ƙarhe nawa?"

Na ce biyar ta wuce.

"Magariba ta kusa. Malam Mustapha, kwat ɗin na rataye bayan ƙyaure. Ka sa. Muryar kawai za ka kumbura, Hajiya ba ta ganewa. Kahin in tashi."

Wallahi sai da na yi tunanin yi. Ni na taka shi, kuma ga abin da ya roƙe ni. Har na fara lissafin yadda zan yi gadi da dare in yi tuƙi da rana, da Hajiya a baya, da jikokinta in sun zo hutu, a kan titin Kano. A nan na tsaya. Na fita na sami Hajiya a kan benci na durƙusa na gaya mata komai, har da dariyar majalisa.

Na zaci sandar za ta ɗaga.

"Sau huɗu," ta ce, "ina kama hannun mutum ɗaya ina rubuta mutum biyu. Shekara talatin ina wannan aiki." Ta share idonta da gefen zane. "Je ka gaya masa kuɗin asibiti ni zan biya. In ya warke ya dawo gadin rana, a zaune, zan ƙara masa wani abu. Usaini kuwa na sallame shi, kada in sake jin sunansa a gidana."

Na koma da saurina ina ganin albishir na kawo. Ya saurare ni har na gama, sannan ya juya fuskarsa bango.

"Ƙahwa dai tsautsayi ne, na yahe maka," ya ce. "Amma shekara arba'in da ɗaya ba ni da ɗan'uwa. Na samu na wata huɗu, ka tahi ka kashe min shi."

Na yi ta tsayuwa har ma'aikaciyar jinya ta zo ta ce lokacin dubiya ya ƙare.

Da aka sallame shi ya sa Furera ta soya waina ta dama kunu, ya aika wa limamin unguwa cewa yana so a yi wa ɗan'uwansa Usaini addu'a. Liman ya san gaskiyar magana, ya ce ba laifi, mamaci ba ya tsufa da buƙatar addu'a. Mutanen unguwa kuwa da suka sha jin labarin Usaini mai gadin GRA ba su taɓa ganinsa ba, suka cika tabarmi suna tambayar juna yaushe aka yi rasuwar. Wani ya ce ai ya san shi, mutumin kirki ne, sun taɓa hawa mota ɗaya. Halimatus Sa'adiyya ta zo da kwanon nama, duk da an yi mata bayani sau uku, kuma ta fi kowa kuka.

Babaji na jingine da bango, ƙafa a miƙe cikin filasta, yana amsa gaisuwar kowa ɗaya bayan ɗaya. Na bari sai da mutane suka ragu sannan na matsa na durƙusa a gabansa na ce Allah ya jiƙan Usaini, ya ba da haƙuri. Bai amsa ba. Na sake faɗa. Idonsa a rufe. Furera ta leƙo daga bakin ƙofa ta ce barci ya ɗauke shi, in bar shi haka nan. Na zauna a gefen tabarmar har aka kira la'asar ina jira ya buɗe ido, kuma har yau ban sani ba ko barcin gaske yake yi.